Ɗan Zango da Akwatin Zaɓen Makaranta

A makarantun sakandare na Gana ba a ɗaukar zaɓen shugabannin ɗalibai da wasa. Ana tantance 'yan takara, a ware lokaci kowa ya tsaya gaban ɗaruruwan yara masu sowa ya karanto alkawuransa, wasu makarantun har ma'aikatan hukumar zaɓe suke gayyatowa da akwatunansu. Amma a ɗakunan kwana ake cin ainihin kasuwar. Wannan ya buɗe akwatin guzurinsa ya raba garin rogo da yajin shito, wancan ya bi gado-gado yana raɗa cewa wane ba namu ba ne. Tun da aka mayar da sakandare kyauta a 2017 yara suka ƙaru a makarantun, kuma da yawansu a nan suke fara jefa ƙuri'a kafin su cika shekara 18. Ina ganin wannan fage ya cancanci littafin labari na matasa, musamman a Salaga da Yendi da Bawku, inda maganar asali take da nauyi.

Bahaushen Salaga, fataucin goro ne ya kawo kakanninsa. Yaƙin basasar 1892 ya watsa da yawansu zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa, sannan dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta bar wa zanguna tabon da har yau ake jin zafinsa duk lokacin da aka ce wa ɗan Zango baƙo. A Yendi, rikicin gidajen Abudu da Andani ya ci ran Ya Na Yakubu Andani II a 2002, ba a naɗa sabon sarki ba sai 2019. Bawku kuwa taƙaddamar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ta sha jawo dokar hana fita. Yaron da ya tashi a irin waɗannan garuruwa, in ya tsaya takara, jarrabawa biyu ke gabansa: ko ya ɓoye asalinsa don kada a guje shi, ko ya mayar da asalin haja ya sayi ƙuri'ar 'yan uwansa da shi. Duka biyun ha'inci ne, kuma na biyun ya fi wuyar ganewa, domin yakan zo da rigar kishin gida.

Marubuta 'yan asalin Iran a Amurka sun nuna yadda ake juya irin wannan ciwo ya zama labari. A littafinta It Ain't So Awful, Falafel na 2016, Firoozeh Dumas ta kawo yarinya Zomorod wadda ta sa ake kiranta Cindy don ta saje da 'yan ajinsu, sai rikicin garkuwa da Amurkawa a Tehran na 1979 ya sa asalinta ya zama abin tsangwama. Ba wa'azi ya sa littafin ya kama zuciya ba, mai karatu ne yake jin kunyar yarinyar a jikinsa. A Gana ma an ɗauki hanya: The Kaya-Girl na Mamle Wolo ya haɗa 'yar dako daga arewa da 'yar likita a kasuwar Makola, Ayesha Harruna Attah kuma ta mayar da Salaga dandalin labari a 2018. Ɗan takarar makaranta ne ya kamata ya biyo baya.

Wani zai ce taɓo ƙabila a garin da jini bai gama bushewa ba tonon rikici ne. Wannan tsoro na da hujja, kuma marubucin da ya ɗora laifi kan ƙabila guda ya yi ɓarna. Sai dai yaran ba su jira littafi ba kafin su ji maganar, a gida da ɗakin kwana suke shan ta, ba mai yi mata gyara. Kundin tsarin mulkin 1992 ya hana kafa jam'iyya kan ƙabila ko addini, amma doka ba ta iya nuna wa ɗan shekara 16 yadda ake ji in aminin da ya fi cancanta ya fito daga ɓangaren da gidanku ba sa gaisawa da shi. Labari yana iyawa, muddin an bar jarumin ya yi kuskure, kuma an yarda gaskiyarsa ta iya jawo masa faɗuwa. Littafin da mai gaskiya ke lashe zaɓe kullum, yara za su gane ƙarya ce tun shafi na goma.

Wani kuma zai ce Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ware don koyarwa a makarantun Gana, to wa zai karanta? Marubutan Kano ba su jira manhaja ba lokacin da suka cika kasuwa da littattafai tun shekarun 1980. Malamai da samarin Zango masu alƙalami, ku rubuta da Hausar da ake yi a layinku, ku sa a waya, ku karanta a rediyo.