Goyo da Yaye: Lafiyar Hankalin Yaro a Gidan Bahaushe

Gabatarwa

Idan aka ambaci lafiyar hankali, akasarin mutane baligi suke tunawa, watau wanda ya sami taɓuwa. Ba safai akan sa jariri cikin lissafi ba, domin an ɗauka wanda bai iya magana ba bai san damuwa ba. Binciken masana ya nuna akasin haka. Kafin yaro ya cika shekara 5, ƙwaƙwalwarsa takan kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum, kuma a waɗannan shekaru ne yake koyon amincewa da mutane ko kuwa tsoronsu. Maƙasudin wannan lacca shi ne a dubi al'adu biyu, goyo da yaye, yadda ake yin su a ƙauyukan Kano irin su Lajawa ta ƙaramar hukumar Wudil, a ga inda suke gina hankalin yaro da inda suke iya raunana shi.

Goyo

A shekarar 1951 wani likita mutumin Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan yaran da suka tashi ba iyaye. Ya bayyana cewa yaro yana bukatar shaƙuwa mai ɗorewa da uwa, ko da wadda ta tsaya a matsayinta. Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki tare da shi, ta zauna da iyalai a ƙauyukan Uganda daga 1954 zuwa 1955. Ta lura cewa yaro yakan rarrafa ya tafi wasa, in ya firgita ya komo jikin uwa, in ya natsu ya sake fita.

An yi irin wannan nazari a ƙasar Hausa ma. A 1977 Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu sun buga sakamakon binciken jarirai 18 na wani gari. Sun tarar kowane jariri ya shaƙu da mutum uku ko huɗu a gidan, amma akwai guda ɗaya da ya fi nema in ya shiga damuwa. Wannan kuwa shi ne wanda ya fi ɗaukarsa, ko da ba shi ke shayar da shi ba. Haƙiƙa wannan ya dace da abin da aka sani a gida. Uwa tana daka da ɗa a baya, in ta gaji kishiya ko kaka ko yaya ta karɓa. Ko ɗan fari, wanda uwa ke jin kunyarsa, ba ya rasa mai rarrashi. Yawan hannu ba ya cutar da yaro, muddin hannuwan sanannu ne gare shi.

Yaye

A wurin yaye ne ake samun tangarɗa. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, kuma a bisa al'ada akan yaye yaro dab da wannan lokaci. Sau da yawa rana ɗaya ake yi. A shafa abu mai ɗaci a nono, ko a ɗauki yaro a kai shi gidan kakarsa ya yi kwanaki. Idan kakar tana cikin masu goyonsa tun farko, kukan ba ya daɗewa. Amma idan a wani gari take, yaro ya rasa nono, da bayan da ya saba, da fuskar da ya sani, duk a dare guda. Abin yakan fi tsanani idan an yi kwanika, aka cire shi da gaggawa saboda sabon ciki.

Yaro ba shi da bakin faɗin abin da ke damunsa, sai dai jikinsa ya faɗa. Yakan ƙi abinci, ya riƙa firgita cikin barci, ko ya yi shiru ya daina wasa. Wannan shirun ne akan yaba a ce ya yi haƙuri, alhali kuwa shi ya fi bukatar kulawa. Ƙin abinci kuma ƙofa ce ta tamowa. Sunan da likitoci ke kiran wani nau'inta, kwashiyoko, Cicely Williams ce ta ɗauko shi a 1935 daga harshen Ga na ƙasar Gana, inda ake nufin ciwon yaron da ƙanensa ya ture.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a yi yaye sannu a hankali, a rage shayarwar rana kafin ta dare, a saba wa yaro da kunu da tuwo tun da wuri. Na biyu, in za a kai shi wani gida, a kai shi wurin wadda ya riga ya sani, uwa kuma ta riƙa leƙa shi. Na uku, bayan yaye kada a bar shi ga tsakar gida kawai. A Kingston ta Jamaika an bi yara 129 masu tsumburewa, ana ziyartar wasunsu kowane mako har shekara biyu ana koya wa iyaye mata wasa da hira da su. Rahoton 2014 ya nuna cewa bayan shekara 20 abin da waɗannan suke samu ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin 100. Tatsuniya da tafa hannu da motar kara sun isa wannan aiki.

Na huɗu, a dubi uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar takan faɗa cikin matsananciyar damuwa bayan haihuwa. Ma'aikacin lafiyar da ke yi wa jariri allurar rigakafi ya kamata ya tambayi barcin mai jego da walwalarta.

Kammalawa

Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a ɗanyen ne kuma ya fi saurin jin rauni. Gidan Bahaushe ya riga ya mallaki maganin, watau goyo da yawan masu reno. Abin da ya rage ga ɗalibi da ma'aikaci shi ne su fahimtar da jama'a cewa ranar yaye, nono kaɗai ya kamata yaro ya rabu da shi.