Ƙarfi Ana Cikin Faɗa: Sangoku da Abokan Burminsa a Idon Bahaushe

Kokoro unguwa ce a yankin da ake kira Kilomita Biyar a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Yankin ya sami sunansa daga nisan da ke tsakaninsa da tsakiyar gari, kuma a nan ne babbar kasuwar birnin take, da babban masallaci. Hausawa sun daɗe da zama a wurin tare da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi. Yaron da ya tashi a gidan Hausawa a irin wannan unguwa yakan ji Hausa a gida, Sango a kasuwa, Faransanci kuma a makaranta da talabijin. Da Faransancin nan ne katun ɗin Japan yake iso masa, ko a gidan kallo, ko a faifai, ko a wayar hannu. Shi ya sa jarumin da Japanawa ke kira Son Goku, shi da Sangoku ya san shi, domin haka aka kira shi tun lokacin da tashar TF1 ta Faransa ta fara nuna Dragon Ball a 1988, sannan Dragon Ball Z a ƙarshen 1990.

Idan dattijo ya tsaya a bayan yara suna kallon wannan fim, akwai abin da ba ya rasa faɗa. Zai ce ƙarya ce tsagwaronta. Mutum idan yana faɗa gajiya yake yi, numfashi ya sarƙe, hannu ya yi nauyi. To yaya za a yi wa mutum dukan kawo wuƙa, ya tashi ya yi ihu, sai a ga ya fi dā ƙarfi? Kuma ba shi kaɗai ba, abokin faɗan nasa ma sai ya yi nasa ihun ya ƙaru. Tambaya ce mai ma'ana, kuma amsarta tana cikin yadda aka gina labarin, da yadda aka sayar da shi, da kuma wani abu da Bahaushe ya riga ya sani a filin dambe.

Akira Toriyama, wanda aka haifa a 1955 ya rasu a watan Maris na 2024, shi ya zana labarin. An riƙa buga shi mako-mako a mujallar Weekly Shonen Jump daga 1984 zuwa 1995, babi 519, waɗanda aka tara a littattafai 42. Kamfanin Toei ya mayar da shi zane mai motsi: Dragon Ball kashi 153, Dragon Ball Z kashi 291 daga 1989 zuwa 1996. Toriyama ya ɗauko sunan jarumin da wutsiyarsa da sandarsa daga wani tsohon labarin ƙasar Sin na ƙarni na 16 mai ba da tarihin sarkin birai, salon faɗan kuma daga finafinan Bruce Lee da Jackie Chan, irin waɗanda a Kano ake kira finafinan Canis.

Ginshiƙin komai a labarin shi ne abin da suke kira ki, wato wani ƙarfi da ke cikin jikin kowane mai rai, wanda ake iya tara shi, a ɓoye shi, ko a harba shi waje kamar wuta. Toriyama ya taɓa bayyana cewa ki ya ƙunshi kuzarin jiki da ƙarfin hali da natsuwar hankali. Ke nan tun daga tushe ba ƙwanji kaɗai ake aunawa ba. Abin da ya haɗa da ƙarfin hali kuwa yana iya hawa yana iya sauka a cikin minti ɗaya.

A farkon Dragon Ball Z aka kawo wata na'ura da mayaƙan sararin samaniya ke maƙalawa a ido, tana nuna ƙarfin mutum da lamba. Manomin da Raditz ya fara haɗuwa da shi a duniya 5 na'urar ta ba shi. Sangoku 334, da ya tuɓe kayansa masu nauyi ya koma 416. Abin da ya ruɗa Raditz shi ne lambar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ɗan Sangoku, Gohan, yaro ɗan shekara 4, da ya ga ana tattaka ubansa sai lambarsa ta yi tsalle zuwa 1,307, bayan ɗan lokaci ta faɗo. Abin lura a nan shi ne, an kawo na'urar ne domin ta riƙa jin kunya. Duk bos ɗin da ya dogara da ita sai ta yaudare shi, wani lokaci ma ta fashe masa a fuska.

Karawar Sangoku da Vegeta ita ce misali mafi kyau na yadda mutum biyu ke tura juna sama. Vegeta ya zo da ƙarfi 18,000, Sangoku kuma ya ɗan haura 8,000. A lissafi dai babu wasa. Amma Sangoku ya koyo wata dabara mai suna Kaioken wadda ke ninka ƙarfi na ɗan lokaci, kuma malaminsa ya gargaɗe shi kada ya wuce ninki 2, domin jiki ba zai ɗauka ba. Ninki 2 bai isa ba, ya hau 3, Vegeta ya sha kashi. Vegeta ya fusata ya tara dukan abin da yake da shi zai tarwatsa duniya, Sangoku ya hau ninki 4 ya ture shi, amma ya gama jikinsa duk ya mutu, ko taɓa shi aka yi sai ya yi ƙara. Vegeta ya dawo ya rikiɗa ya zama ƙaton biri, wanda ke ninka ƙarfinsa sau 10. Kowane mataki martani ne ga na ɗayan. Da Vegeta bai matsa ba, da Sangoku bai san yana iya ninki 4 ba. Gaba da gabanta, in ji Hausawa.

Akwai kuma wata baiwa da labarin ya ba ƙabilarsu ta Saiya: duk wanda ya kusa mutuwa ya warke, ya fi dā ƙarfi. Vegeta ya gane haka har ta kai shi ga roƙon Krilin ya yi masa mummunan rauni da gangan, domin a warkar da shi ya ƙaru. Wannan dai dabara ce ta marubucin da ke neman hanya cikin gaggawa, kuma shi kansa bai daɗe yana amfani da ita ba.

Sai babbar karawa, ta Sangoku da Freezer a duniyar Namek. Freezer ya faɗa da bakinsa cewa ƙarfinsa 530,000 ne, kuma a siffarsa ta farko ke nan, saura rikiɗa 3. Sangoku ya yi Kaioken ninki 10, ya yi 20, duk a banza. Abin da horo bai ba shi ba, baƙin ciki ya ba shi. Freezer ya kashe Krilin, abokinsa tun na ƙuruciya, a gaban idonsa. Nan take gashinsa ya miƙe ya koma ruwan zinariya. Wannan ita ce siffar da aka fara gani a 1991, wadda tsohuwar fassarar Faransanci ta kira Super Guerrier. Toriyama ya ce ɗaya daga cikin dalilan canza launin gashin shi ne ya rage wa mataimakinsa wahalar cika shi da baƙar tawada. Abin da yaran duniya suka ɗauka alamar ɗaukaka, asalinsa neman sauƙin aiki ne.

Labarin ya nuna cewa sharaɗin wannan rikiɗa shi ne zuciya mai natsuwa wadda fushi ya tayar. Mai koyon Hausa zai so ya tsaya a kan wannan kalma. Zuciya a Hausa tsoka ce a ƙirji, amma idan aka ce wane ya yi zuciya, ana nufin ya fusata, ko kuwa an raina shi ya ɗaura ɗamarar nuna cewa zai iya. Mai zuciya shi ne wanda ba ya ɗaukar raini. Wanda zuciyarsa ta mutu shi ne ragon da ba ya kishin kansa. Wanda zuciya ta ɗebe shi kuwa ya yi ɓarna cikin fushi. Kalma ɗaya ta riƙe fushi da kishi da jarunta. Saboda haka yaro Bahaushe ba ya bukatar dogon sharhi idan zai ba abokinsa labari. Cewa zai yi, an kashe masa aboki, sai ya yi zuciya. Wani abin dace kuma, a Japananci kalmar kokoro ma'anarta zuciya. Babu dangantaka tsakaninta da sunan unguwar Bangui, sauti ne kawai ya zo ɗaya.

A ƙasar Hausa, inda za a ga wannan zuciya tana aiki ƙuru-ƙuru shi ne filin dambe. Asalinsa wasan mahauta ne da ake yi da kaka, bayan an kai amfanin gona gida. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da zare, shi ne na bugu, ɗayan kuma ya miƙa shi gaba yana karewa. Akan yi turmi 3, kuma wanda ya kai abokinsa ƙasa an ce ya yi kisa. Kafin a sa zare, makaɗi yakan buga wa ɗan wasa takensa da kalangu, a ambaci ubangidansa da garinsu da mazan da ya kayar. Sai ka ga mutum ya miƙe jikinsa na rawa, ya ɗaga hannu sama, ya shiga kirari da ƙaraji. Wannan shi ake kira tsuma. Wanda ya ga ɗan dambe yana tsuma, ya kuma ga Sangoku ya dunƙule hannu yana ihu ƙasa na girgiza, ba sai an ce masa 'yan uwan juna ne ba. Haka kuma a turmi na 2 ko na 3, ɗan wasan da ya sha naushi yana iya jin takensa ya dawo kamar sabo. Sunan Shago ba zai kai inda ya kai ba in ba don waƙar Ɗan Anace ba, kuma da wuya a yi hirar Shago ba a ambaci Ɗandunawa ba.

Sai dai akwai bambanci. Ƙarfin ɗan dambe daga jama'a yake zuwa: makaɗi, ubangida, 'yan ɓangarensa na Kudu ko Arewa ko Guramada, da layu da guraye ga wanda ya yarda da su. Ko sunansa ma na wani ne, Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane. Kuma tsuma ba ta ƙara masa tsoka ko ɗaya, abin da yake da shi take fito da shi. Jarumin Japan shi ne makaɗin kansa, kuma marubuci ya ba shi rijiyar da ba ta da ƙasa.

Dalilin rashin ƙasan nan na kasuwa ne. Mujallar Jump tana sa katin jin ra'ayi a kowane bugu, masu karatu su zaɓi labaran da suka fi so, wanda ya daɗe a ƙasa a dakatar da shi. Da farin jinin Dragon Ball ya yi rauni a farko, edita Kazuhiko Torishima ya matsa, Toriyama ya kawo gasar faɗa, labarin ya farfaɗo. Daga nan kowane mako sai an bar mai karatu da abin da zai sa ya sayi bugu na gaba, kuma babu abin da ya kai a ce bos bai gama nuna ƙarfinsa ba. A tsakiyar shekarun 1990 mujallar ta kai kwafi miliyan 6.53 a bugu ɗaya. Rikiɗar bos ɗin nan Cell ma, Toriyama ya ce editansa na lokacin ne ya yi ƙorafin cewa siffarsa ba ta da kyau, a canza ta. Masu talabijin kuma suna bin mujallar a baya, suna tsoron kada su cim mata labari ya ƙare musu. Sai suka riƙa ja: ihu, duwatsu na tashi sama, 'yan kallo na zare ido. Minti 5 da Freezer ya ce ya rage Namek ta fashe, sai da suka ci kusan kashi 10.

Wannan hanya tana da tsada. Lambobin sun kumbura har aka daina ambatonsu bayan Namek. Mayaƙa irin su Yamcha da Tenshinhan, waɗanda dā su ne abokan burmin Sangoku, suka koma 'yan rakiya. Mutuwa kuma ta yi arha, tunda ana tara ƙwallaye 7 a roƙi dodo ya tayar da mamaci. A Kilomita Biyar wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rikicin 2013 da 2014 ya sa dubban Musulmi sun bar Bangui zuwa Cadi da Kamaru, yankin ya zama mafakar waɗanda suka rage, har Fafaroma Francis ya je babban masallacinsa ranar 30 ga Nuwamba 2015 yana kiran zaman lafiya. Manyan da suka ga yadda ramuwa ke haifar da ramuwa suna da hujja idan suka ɓata fuska ga labarin da fushi ke kawo nasara, matattu kuma su dawo.

Duk da haka, abin da ke riƙe yara ba kisan ba ne. Jaruman nan suna son abokin karawa ya cika. Vegeta ya bar Cell ya kammala siffarsa domin ya sami wanda zai gwada kansa da shi, abin ya zame masa nadama. Sangoku ya jefa wa Cell ƙwayar waken da ke mayar da ƙarfi kafin ya kara da Gohan. A Dragon Ball Super, wanda aka nuna daga 2015 zuwa 2018, wani mayaƙi mai suna Hit ya riƙa gyara dabararsa ana tsakiyar wasa, saboda Sangoku ya matsa masa. 'Yan dambe sun san wannan: babban ɗan wasa ba ya samun suna da buge yara, sai da sa'ansa.

Haka aka yi a Namek. Sangoku ya tsaya ya jira Freezer ya tara ƙarfinsa gaba ɗaya, kashi 100 bisa 100, alhali yana iya gamawa da shi kafin nan. Suka gwabza, kare jini biri jini. Can sai Sangoku ya dakata ya ce ya fasa. Dalilinsa shi ne jikin Freezer ya kasa riƙe wannan ƙarfi, yana ta raguwa, numfashinsa ya fara sarƙewa. Da dattijon nan na bayan yara ya daure ya kai wannan kashi, da ya ga maganarsa ta fito: bos ɗin da ya fi kowa lamba, gajiya ce ta fara kayar da shi.