Wa Ake Fara Kira Idan Jirage Sun Koma Tashi?

A watan Satumba na 2025 kamfanin jiragen sama na Spirit da ke Amurka, wanda ya je kotu neman kariya daga masu bin sa bashi har sau biyu cikin ƙasa da shekara guda, ya sanar cewa zai ajiye ma'aikatan cikin jirgi kusan 1,800 daga farkon Disamba. Nan da nan aka shiga yaɗa cewa an kori mutum 1,800. Masu ganin sun fi kowa sanin Amurka kuma suka ce a'a, hutu ne, da zarar kasuwa ta gyaru za su koma. Duka biyun ba su faɗi daidai ba, amma na biyun ya fi ba ni haushi, domin yana sa a ɗauka cewa wanda aka ajiye zai iya zaman jira har illa masha Allahu.

Albashin wanda aka ajiye tsayawa yake yi. Abin da ya rage a hannunsa alkawari ne da ke rubuce cikin yarjejeniyar ƙungiyarsa da kamfani: ba za a ɗauko baƙo daga waje ba sai an gama kiran 'yan gida, kuma kiran zai bi jerin daɗewa a aiki. Wanda ya zo ƙarshe shi ake fara ajiyewa, shi kuma ake kira a ƙarshe. Ba dokar ƙasa ce ta ba shi wannan haƙƙi ba, ciniki ne ya samar da shi, kuma abin da ciniki ya kawo ciniki na iya rage shi.

Sai an gane nauyin wannan jeri za a gane abin da ake rigima a kai. A kamfanonin jiragen Amurka ranar da aka ɗauke ka aiki ita ce dukiyarka. Da ita kake zaɓen tafiye-tafiyen wata, da ita kake samun hutu a lokacin bukukuwa, da ita kake zaɓen birnin da za ka riƙa tashi daga cikinsa, da ita kuma kake fita daga sahun 'yan jiran ko-ta-kwana waɗanda ake iya bugo wa waya da tsakar dare. Kuma ba a ɗaukar ta a kai wani kamfani. Duk wanda ya san tashar mota ya san wannan: direban da motarsa ta kwana a layi, saura biyu a yi masa lodi, idan ya yi fushi ya koma wata tasha, a bayan motar da ta iso yanzu za a rubuta shi, kuma babu ɗan kamashon da zai tambaye shi shekarunsa nawa a kan titi. Haka matar da ta yi shekara 20 tana hidima a jirgi, in ta koma wani kamfani, a ƙasan jeri za ta fara, da albashin sabon shiga. Shi ya sa mutane ke gwammacewa su yi ta lallaɓawa da ƙananan ayyuka suna jiran takardar kira.

Jiran nan yana da wa'adi. Wasu yarjejeniyoyin sun sa shekara 5, wasu sun fi haka. Ranar da wa'adin ya cika, sunanka ya fita daga jeri, ko da washegari kamfani zai buɗe ɗaukar sababbi. Akwai kuma ƙananan sharuɗɗan da ba a cika karantawa ba sai an shiga uku. Takardar kira tana zuwa ne adireshin ƙarshe da ka bai wa kamfani, kuma 'yan kwanaki ake ba ka ka amsa, in ka yi shiru ana iya ɗauka ka haƙura da aikin. Ana iya kiran ka zuwa wani birni daban da wanda iyalinka suke. Dole ka sake zaman horo kafin ka hau jirgi. Sannan akwai tambayar ko watannin da ka yi a gida za su shiga lissafin ƙarin albashi, wadda amsarta ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Ma'aikatan kamfanin jiragen sama na TWA su ne suka ɗanɗana wannan fiye da kowa. A 2001 kamfanin American ya saye TWA, wanda cibiyarsa ke St. Louis a jihar Missouri. Ma'aikatan cikin jirgi na TWA, kimanin 4,000, aka jera su gaba ɗaya a ƙasan jerin American, har da waɗanda suka haura shekara 30 suna aiki. Bayan 'yan watanni aka kai harin 11 ga Satumba, fasinja ya ɗauke ƙafa, aka fara rage ma'aikata daga ƙasa. Zuwa tsakiyar 2003 an ajiye su duka. Wa'adin kiransu shekara 5 ne, suna ji suna gani ya riƙa cika wa abokan aikinsu rukuni bayan rukuni. Sai da sanatocin Missouri biyu, Claire McCaskill da Kit Bond, suka sa baki, aka ƙara wa wasu lokaci, kuma a ƙarshen 2007 aka yi dokar da ke ɗauke da sunansu, wadda ta tilasta a haɗa jerin ma'aikata cikin adalci idan kamfanonin jirage biyu suka haɗe. Dokar ba ta waiwayi baya ba, don haka waɗanda aka yi ta saboda su ba su ci moriyarta ba. Abin lura shi ne, ba kamfani kaɗai ya tura su ƙasa ba. Ƙungiyar ma'aikatan American tana kare nata 'ya'yan ne, kuma kare su na nufin danne 'yan'uwansu a sana'a.

Abin da ya faru a 2020 shi ya ruɗi mutane. Da korona ta tsayar da zirga-zirga, majalisar Amurka ta ware dala biliyan 25 don biyan albashi a kamfanonin jiragen fasinja, bisa sharaɗin kada a ajiye kowa da ƙarfi har ƙarshen Satumba. Ranar 1 ga Oktoba American ya ajiye ma'aikata kusan 19,000, United kuma kusan 13,000. A Disamba aka ƙara dala biliyan 15 da sharaɗin a dawo da su, aka dawo da su. Mutane suka ga an tafi an dawo cikin wata uku, suka ɗauka haka abin yake kullum. Kuɗin gwamnati ne suka gajarta jiran, da matsin lambar ƙungiyoyi irin AFA ta ma'aikatan cikin jirgi, wadda Sara Nelson ke jagoranta a lokacin. Kamfanin da ke fama da bashinsa shi kaɗai ba shi da wannan gata, kuma in ya rushe, alkawarin kira ya rushe tare da shi.

To me ya sa ba a cika jin batun wa'adin kira a lokacin tattaunawar yarjejeniya ba? Ƙarƙashin dokar ƙwadago ta jiragen ƙasa ta Amurka ta 1926, wadda aka shigar da jiragen sama cikinta a 1936, yarjejeniya ba ta mutuwa, sai dai lokacin gyara ta ya yi. Ana iya kwashe shekaru ana ja-in-ja, kuma ba a yajin aiki sai hukumar sasanci ta tarayya ta saki ɓangarorin, an kuma jira kwana 30. Idan aka gaji aka zo ƙarshe, kowa idonsa na kan albashi da kuɗin baya. Yawancin masu jefa ƙuri'a kan yarjejeniyar sun yi nisa a jeri, sun san rage ma'aikata ba zai kai kansu ba. A ganina nan ne shugabannin ƙungiyoyi ke sakaci: sukan tuna da tsawon wa'adin kira ne a lokacin da kamfani ya riga ya shiga matsi, lokacin da duk abin da suka nema sai sun biya shi da wani abu.

A Nijeriya, sashe na 20 na dokar ƙwadago ya san ƙa'idar fara sallamar wanda ya zo ƙarshe, ya kuma ce a sanar da ƙungiya, a yi ƙoƙarin daidaitawa kan kuɗin sallama. Bai ce komai ba game da wanda za a fara kira idan aiki ya dawo. A 2020 wasu kamfanonin jiragenmu sun tura ma'aikata gida ba albashi, kuma duk wanda yarjejeniyarsa ba ta tanadi tsarin kira ba, komawarsa ta rataya ne a kan ganin damar manaja.