Rijiyar gidanmu da wutar da aka ce za ta ba mu

Ina zaune a Kumasi ina harkar albasa da goro, iyalina kuwa suna ƙauye a yankin Maradi, inda har yau turken lantarki bai iso ba. Bara ƙanena ya kira ni cike da murna: "Yaya, an samo dabara. Rijiyarmu za ta ba mu wuta, ba fetur ba komai. Ka turo kuɗi kawai." Wai wani mai gyara ne ya ce a sa famfo ya hau da ruwa tanki, ruwan ya gangaro ya juya ɗan inji, injin ya kunna gida, ya kuma kunna famfon.

Na kusa turawa, wallahi. Sai na ce bari in yi lissafi kamar yadda nake yi wa buhun albasa.

Madatsar Akosombo ta nan Ghana da ta Kainji a Najeriya suna ba da wuta ne don ruwansu daga sama yake gangarowa, ba wanda ya biya ladan ɗaga shi. Ruwan rijiya kuwa a ƙasa yake kwance. Ƙarfin da famfo zai ci kafin ya hau da shi ya fi wanda zai dawo idan ya sauko, domin inji da bututu kowa sai ya ci nasa kaso. Kamar ka sayi kaya dubu goma ne ka sayar dubu biyar, kullum.

Ko da wani ya cika maka tankin kyauta, lita 1,000 a tsayin mita 10 ba ta wuce ta kunna ƙwan wat 5 na awa 5 ba, kafin ma a cire asara. Farantin sola na wat 100 kuwa, a yini guda mai rana sosai, yana ba da ninkin hakan kusan sau 15.

Sai muka juya tsarin. Na sayi faranti da batir saboda fitilu, fanka da cajin waya. Famfon rijiya aka ba shi nasa farantin, ba batir: yana aiki da rana, tanki ya cika, da yamma a buɗe a ɗiba. Yara mata sun huta da jan guga, uwargida kuma ta kafa ɗan lambun zogale da tumatir a bayan gida.

Abu biyu na koya. Lokacin hunturu ƙura takan rufe faranti wuta ta ragu, sai an riƙa gogewa. Batir kuma in ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare, ba ya daɗewa.

'Yan uwa matafiya, guminmu muke turawa gida. Duk wanda ya kawo muku injin da zai ciyar da kansa ya kuma ciyar da gida, ku tambaye shi daga ina ƙarfin yake shigowa. In bai nuna muku rana, iska ko ruwa mai gangarowa ba, ku riƙe kuɗinku.