Dutsen Madafa Ma Yana Bukatar Kulawa

Tun kaka da kakanni, matan Mashi da sauran garuruwan da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura sun san cewa dutse ba ya kula da kansa. Idan dutsen niƙa ya yi santsi, sai a ɗauko maƙodi a ƙoɗa shi har kaifinsa ya dawo. A yau ma'aikata da yawa suna shimfiɗa dutse a kan teburin madafarsu da kuɗi masu yawa, amma wannan tsohon sani bai bi su ba.

Da farko ya kamata maigida ya san irin dutsen da ya saya. Giranit, watau dangin duwatsun da ke warwatse a ƙasar Hausa, yana da tauri ƙwarai. Mabul kuwa, irin wanda ake haƙowa a Jakura ta Jihar Kogi da Igbeti ta Jihar Oyo, ɗan'uwan farar ƙasa ne, kuma duk abu mai tsami yana cinsa. Lemon tsami, da ruwan tsamiya, da zoɓo, da tumatir, kowannensu na iya dusashe sheƙinsa cikin mintoci kaɗan. Saboda haka a goge da zarar sun zuba, da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi. Kada a kankare shi da soson ƙarfe ko toka.

Manja da man gyaɗa kuma suna shiga ƙananan ƙofofin dutsen su bar tabo. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga ruwa, in wurin ya yi duhu bayan ɗan lokaci, to, lalle a shafa masa maganin toshe ƙofofi.

Idan fuskar ta riga ta lalace, gwani yana goge ta da faifai masu ƙwayar lu'ulu'u, daga mai kaushi lamba 50 har zuwa mai laushi lamba 3000. A nan ne babban haɗarin yake. Ƙurar giranit tana taruwa a huhu ta haddasa cutar silikosis, wadda ba ta warkewa. Saboda wannan cuta ce ƙasar Ostareliya ta haramta dutsen madafa na masana'anta a shekarar 2024.

Don haka duk wanda ya kira mai gyara, ya tabbatar da ruwa ake aikin, kuma ma'aikacin ya sa takunkumi mai tace ƙura, yara kuma sun yi nesa da wurin. Rigakafi dai ya fi magani.