Barcin Rana ga Ƙananan Yara a Wuraren Wasa da Ranakun Buki

An shirya wannan takarda ne domin hakimai da magatakardansu, saboda su ne ke tsaye a kan shirin taron jama'a a gundumominsu, kuma ta bakinsu ne magana kan isa ga dagatai da masu unguwa, har ta kai ga magidanta. Abin da ta ƙunsa shi ne bayani a kan ƙailula, watau ɗan barcin nan da akan yi da tsakar rana, da amfaninta ga yaran da ba su wuce shekara 5 ba, musamman a ranakun da akan kai su wuraren wasa da kallo. Wani zai ga kamar al'amarin bai kai a yi masa takarda ba. Amma kuwa yaron da ya wuni a rana ba barci, ba inuwa, ba isasshen ruwa, yana iya komawa gida da ciwo, wani ma ya ɓace cikin taro, wani kuwa a wuce da shi asibiti.

WURAREN WASA DA ASALINSU

Wurin wasa irin na zamani fili ne babba da aka kewaye, aka zuba masa lilo iri iri, da ƙananan jiragen ƙasa, da injuna masu juyawa da mutane, da rumfunan abinci, ana biyan kuɗi kafin a shiga. A ƙasashen Turai abin ya daɗe. Lambun Tivoli na birnin Kwapanhagan, a ƙasar Danmak, tun 1843 aka buɗe shi. Wanda ya fi suna a duniya kuwa shi ne Disneyland, wanda Walt Disney ya buɗe a garin Anaheim na jihar Kalifoniya, a Amurka, ran 17 ga Yuli, 1955. A ranar nan zafi ya kai wajen digiri 38, ga shi kuma famfunan shan ruwa ba su aiki, domin masu aikin famfo sun yi yaji, jama'a suka sha wahala ƙwarai. Daga baya, a 1971, aka buɗe wani wanda ya fi shi girma kusa da Orlando, a jihar Fulorida. A waɗannan wurare an keɓe ɗakuna domin jarirai, inda uwa za ta zauna ta ba da nono, ta gyara ɗanta. Shawarar da masana wuraren suka daɗe suna ba masu ƙananan yara ita ce su yi sammako, su koma masauki da tsakar rana yara su yi barci, sa'an nan su dawo da yamma.

A ƙasar nan ma irin wannan fita ta zama al'ada. Kowace Salla jama'a kan yi dafifi a gidan namun daji na Kano, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, da wuraren wasan yara na Abuja da Kaduna da sauran manyan garuruwa. Wasu kan tafi Yankari, wadda aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, wasu kuma bukin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934. Ga kuma kallon hawan sarakuna. Ko'ina cikin waɗannan za a ga goyo da 'yan yaye, da 'yan shekara uku da huɗu ana jan su a hannu.

YAWAN BARCIN DA YARO KE BUKATA

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a kan barcin yara, ta haɗa na dare da na rana cikin sa'a 24, kamar haka:

Daga haihuwa zuwa wata 3: sa'a 14 zuwa 17.
Daga wata 4 zuwa wata 11: sa'a 12 zuwa 16.
Ɗan shekara 1 zuwa 2: sa'a 11 zuwa 14.
Ɗan shekara 3 zuwa 4: sa'a 10 zuwa 13.

Sau da yawa ƙaramin yaro ba ya iya cika wannan adadi da dare kaɗai, sai ya haɗa da na rana. Jariri kan yi barci sau da yawa a yini. In ya kusa shekara yakan koma sau biyu, da hantsi da kuma bayan azahar. Wajen shekara ɗaya da rabi sai ya koma sau ɗaya, na sa'a ɗaya ko biyu, da tsakar rana. Yawancin yara kan bar barcin rana tsakanin shekara 3 da 5, kowa da lokacinsa. Saboda haka ba a gwada yaro da ɗan maƙwabci. Abin lura shi ne yadda ya saba a gida, domin abin da ya saba da shi jikinsa zai nema ko da a tsakiyar taro ne.

DALILIN DA YA SA JIKI KE NEMAN BARCI DA RANA

Likitoci sun gano abu biyu ne ke kawo barci. Na farko, tun daga lokacin da mutum ya farka wani sinadari mai suna adenosin ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa, kamar yadda ruwa ke taruwa a kududdufi, kuma barci ne ke kwashe shi. Babba yana iya jure wannan nauyi har dare, amma na yaro yakan cika da wuri. Na biyu, jikin ɗan Adam yana da agogonsa na ciki, wanda kan sa kuzari ya ragu bayan tsakar rana, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Idan waɗannan biyu suka haɗu a kan ƙaramin yaro, babu abin da zai yi masa magani sai kwanciya.

An kuma gwada abin an gani. A 2012 masana a Jami'ar Kolorado, a Amurka, sun ba da labarin binciken da suka yi a kan yara 'yan shekara biyu da rabi zuwa uku. Sun ga cewa yaron da aka hana shi barcin rana sau ɗaya tak, murnarsa kan ragu, ɓacin ransa ya ƙaru, in aka ba shi wani abu mai wuyar warwarewa. A 2013 kuma wasu a Jami'ar Masacusets sun nuna cewa yaran makarantar reno da suka yi barci bayan an koya musu abu da safe sun fi riƙe shi, har zuwa washegari.

Akwai wani abu da kan ruɗi iyaye. Babba in ya gaji yakan yi laushi, amma yaro sau da yawa sai ya ƙara ƙiriniya, ya yi ta guje-guje, ya ƙi abinci, ya yi kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai a ce rigima ce ko taɓara, har wani ya kai masa hannu, alhali kuwa barci ne ke cinsa. Alamunsa su ne murza ido, da hamma, da jan kunne, da tuntuɓe, da manne wa uwa. Yaro mai tuntuɓe don gajiya ba shi da wurin zama a kan lilo ko injin da ke juyawa.

ZAFIN RANA

Watannin Musulunci suna matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, don haka Salla kan zagaya damina da kaka da hunturu da bazara. A 2024 Ƙaramar Salla ta faɗo ran 10 ga Afrilu, a tsakiyar bazara. Mako guda kafin nan, ran 3 ga wata, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A Sakkwato da Maiduguri ba baƙon abu ba ne zafi ya wuce digiri 40 a irin wannan wata.

Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, ga shi kusa da ƙasa inda turirin kwalta da siminti ke bugunsa, kuma bai san ya nemi ruwa ko inuwa da kansa ba. Lokacin da rana ta fi ƙuna, daga wajen ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 4, ya yi daidai da lokacin barcinsa. Wanda ya kwantar da ɗansa a inuwa a wannan lokaci ya sama masa hutu, ya kuma tsare shi daga rana.

YADDA YA KAMATA A TSARA YINI

1. A kwantar da yaro da wuri a daren da za a fita, kada a bar shi ya raba dare wajen kallon ɗinki ko ƙunshi.

2. A yi sammako, a isa wurin da zarar an buɗe, lokacin da akwai sauran sanyi kuma layi bai yi tsawo ba.

3. Wajen ƙarfe 12 a ba shi abinci da ruwa mai tsabta, a fitar da shi daga hayaniya. In gida ko masauki na kusa, komawa can ya fi. In da nisa, a nemi gindin itace ko rumfa mai iska, a shimfiɗa tabarma.

4. A tafi da zanen da ya saba kwanciya a kai, domin yaro ya fi saurin barci a kan abin da ya sani. A cire masa takalmi da hula da kayan Salla masu nauyi.

5. Kada a bar barcin ya wuce la'asar, don kada ya hana na dare. In ya tashi a ba shi ɗan lokaci magagi ya sake shi, ya sha ruwa, kafin a koma wasa.

6. Yaron da ya riga ya bar barcin rana, shi ma a zaunar da shi a inuwa kamar rabin sa'a, ko da bai runtsa ba.

Magidanci da yawa kan ce sun biya kuɗin mota da na shiga, ba za su fita ba sai sun more kuɗinsu. Ya kamata a fahimtar da su cewa sa'a uku da safe da biyu da yamma cikin walwala sun fi yini guda ana rarrashi, kada garin neman ƙiba a samo rama.

ABUBUWAN DA ZA A KIYAYE

Kada a bar yaro yana barci cikin mota a rufe, ko da na minti kaɗan ne, ko da an ɗan sauke gilashi. Zafin cikin motar da ke tsaye a rana yana ƙaruwa da wajen digiri 10 cikin minti 10, kuma yara da yawa sun rasa rayukansu ta wannan hanya a ƙasashe dabam dabam.

Kada a lulluɓe keken jariri da zane ko bargo don a yi masa inuwa, domin iska ba ta ratsawa, zafi ya taru a ciki. Haka nan mai goyo ta riƙa duba fuskar jaririn, kada mayafi ya rufe masa hanci, kada kuma haɓarsa ta danne ƙirjinsa. Jaririn da bai cika shekara ba a kwantar da shi rigingine, a kan shimfiɗa mai ƙwari.

Kada a ba yaro maganin tari ko na mura ko wani jiƙo don ya yi barci. Irin waɗannan suna iya danne numfashinsa. Tun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin.

Jaririn da bai kai wata 6 ba nono ya ishe shi, sai dai a yawaita ba shi, ba a ba shi ruwa. Kada kuma a ɗora wa yarinya 'yar shekara tara ko goma renon ƙaninta yini guda a cikin taro, domin ita ma yarinya ce, gajiya za ta kama ta.

ALAMUN HAƊARI

Wajibi ne a bambanta barcin gajiya da na ciwo. Idan jikin yaro ya yi zafi rau, ko idanunsa suka faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko yana kuka ba hawaye, ko ya daɗe bai yi fitsari ba, to ruwan jikinsa ya ragu. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a shafa masa ruwa mai sanyi, a yi masa fifita. In yana iya sha a ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Amma idan an tashe shi ya ƙi tashi, ko yana jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, kada a ɗura masa kome a baki, a garzaya da shi asibiti nan da nan, ana ci gaba da sanyaya jikinsa a hanya. A tuna bazara lokacin sanƙarau ne.

AIKIN HAKIMAI DA MAGATAKARDA

1. Kafin Salla ko wani buki, hakimi ya gana da masu wuraren wasa da shugabannin ƙaramar hukuma, a tabbata an kafa rumfar mata da yara nesa da lasifika da injin wuta, da tabarmi, da ruwan sha, da makewayi.

2. A roƙi masu wurin su yarda wanda ya biya kuɗi da safe ya fita ya dawo da yamma da tikitinsa, ko a buga masa hatimi a hannu. Wannan kaɗai zai sa iyaye da yawa su kai yara gida su huta.

3. A nemi malamin asibiti ya zauna a wurin da kayan aiki, a kuma tanadi mota da za ta ɗauki marar lafiya.

4. A keɓe wuri guda da kowa ya sani domin cigiyar yara. A shawarci iyaye su rubuta sunan yaro da unguwarsu da lambar waya, su sa masa a aljihu.

5. A sa 'yan sintiri su riƙa leƙa motocin da aka ajiye.

6. Dagatai da masu unguwa su sa sanƙira ya yi shela, a kuma roƙi limamai da ungozomai su tunatar da jama'a mako guda kafin ranar.

7. Bayan buki magatakarda ya rubuta yawan yaran da suka ɓace, da waɗanda aka kai asibiti, da ƙarfe nawa abin ya faru, a aika wa majalisar sarki, domin a san abin da za a gyara baɗi.

Ana so a karanta wannan takarda a zaman hakimi da dagatansa na farko bayan isowarta, a kuma ajiye ta a ofis, a sake duba ta duk lokacin da buki ya gabato.