Annabin 'Yan Mormon da Maganar da Ba Ta Canjawa

Karatunmu: Ibraniyawa 1:1-2, Ayyukan Manzanni 17:10-12

Yau za mu duba wata tambaya da ta shafi gidajenmu a Samaru da Sabon Gari. 'Ya'yanmu da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello sukan tafi hutu ko bautar ƙasa a Aba, ko Fatakwal, ko Abuja. A can sukan gamu da samari biyu-biyu sanye da farar riga, masu ladabi ƙwarai, suna ba da wani littafi kyauta, suna cewa akwai annabi mai rai a duniya yau. In yaronka ya komo ya ce, "Baba, gaskiya ne?" me za ka amsa masa?

Waɗannan su ne ake kira 'yan Mormon. Su kansu sun fi so a kira su Ikkilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Wanda ya kafa ta shi ne Joseph Smith, mutumin Amurka. Ya ce a shekarar 1820, yana yaro ɗan shekara 14, Allah Uba da Yesu suka bayyana gare shi a cikin kurmi a jihar New York, suka hana shi shiga kowace ikkilisiya, domin duka sun bauɗe. A 1830 ya buga Littafin Mormon, ya kuma kafa ikkilisiyarsa. Aka kashe shi a 1844, sai Brigham Young ya kai jama'ar zuwa Utah a 1847, inda hedkwatarsu take har yanzu.

Ga tushen koyarwarsu. Sun ce bayan mutuwar manzanni, iko ya ɓace daga duniya, sai ta hannun Smith aka komo da shi. Saboda haka shugabansu annabi ne, mai gani, mai karɓar wahayi domin ikkilisiyar duka. Yana da mataimaka biyu, a ƙarƙashinsu kuma akwai manzanni 12. In shugaba ya mutu, manzon da ya fi daɗewa a muƙami shi ke hawa. Haka aka yi a 2025, da Russell Nelson ya rasu yana da shekara 101, Dallin Oaks ya gaje shi. Ban da Littafi Mai Tsarki suna da waɗansu littattafai uku da suke ɗauka maganar Allah ne, kuma a wurinsu ƙofar ƙari a buɗe take.

To, bari mu ga yadda wannan wahayi ya yi aiki. A 1843 aka rubuta wahayin Smith a kan auren mata da yawa. A 1890, bayan gwamnatin Amurka ta matsa musu ƙwarai, annabinsu Wilford Woodruff ya sanar a daina. Abu na biyu ya fi taɓa mu. Tun zamanin Brigham Young aka hana baƙar fata 'yan asalin Afirka zama firist a cikinsu. Ana yi musu baftisma, amma ba a ɗibiya musu hannu. 'Yan Nijeriya da dama suka yi ta rubuta wasiƙa zuwa Utah suna roƙon a aiko musu masu wa'azi. Sai a watan Yuni 1978 annabinsu Spencer Kimball ya ce ya karɓi wahayi, an ɗage hanin. A watan Nuwamba na shekarar aka yi wa wani malamin makaranta, Anthony Obinna, baftisma a jihar Imo, a 2005 kuma suka keɓe haikalinsu a Aba.

Idan ka tambaye su, za su ce ai amfanin annabi mai rai ke nan, Allah yana ba kowane zamani abin da yake bukata. Mun ji amsarsu. Amma mu buɗe Littafi mu gani. A Ayyukan Manzanni sura 8, Filibus ya yi wa baban Habasha baftisma, bai ce ya jira ba. A sura 13, cikin annabawa da masu koyarwa na Antakiya akwai Saminu da ake yi wa laƙabi da Baƙi, masana da yawa kuwa suna gani mutumin Afirka ne. Yana cikin waɗanda suka ɗibiya wa Bulus da Barnaba hannu. Ashe abin da aka ce an bayyana a 1978, a rubuce yake tun zamanin manzanni. Da an bi abin da ke rubuce, da ba a tsare baƙar fata a bakin ƙofa shekara fiye da 120 ba.

'Yan'uwa, mu ma mun gaskata Allah yana magana yau. Ruhu Mai Tsarki yana tsauta mana, yana ta'azantar da mu, yana bi da mu. Amma wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta koya mana cewa Allah da ya yi magana ta bakin annabawa a dā, ya cika maganarsa cikin Ɗansa. Bulus ma ya gargaɗi Galatiyawa, ko mala'ika ne ya kawo wata bishara dabam, kada su karɓa. Littafi ne ke auna annabi. In aka juya, annabi ya zama shi ke auna Littafi, to, mudun yana hannun mai sayarwa.

Kada kuma mu nuna Amurka da yatsa mu manta gida. A Sabon Gari da Samaru ma akwai masu cewa, "Ubangiji ya faɗa mini." Wani ya ce wa mace surukarta ce mayya, gida ya watse. Wani ya ce wa mara lafiya ya zubar da magani, ya kawo kuɗi. Ma'auni ɗaya ne ga kowa. An yabi mutanen Biriya domin ko Bulus da kansa sai da suka binciki Littattafai kullum su ga ko haka ne.

Ba mu da hujjar rashin sani. Likita Walter Miller, wanda ya yi aiki a Zariya, yana cikin waɗanda suka sha wahalar fassara, har aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Yana cikin akwatinka, ko yana hannunka? In samarin nan sun zo ƙofarka, kada ka zage su. Ka ba su ruwa da wurin zama, ka buɗe Ibraniyawa sura 1 ku karanta tare. Haka kuma za ka yi da yaronka.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode domin ka yi mana magana ta wurin Ɗanka. Ka ba mu zuciyar mutanen Biriya, ka tsare 'ya'yanmu duk inda suka tafi. Cikin sunan Yesu. Amin.